Daga Tashe Zuwa 'Gidan Badamasi': Tarihin Dariya A Birnin Dabo

MAI karatu, idan ka taɓa riƙe waya ka na kallon 'Gidan Badamasi' har dariya ta sa ka hawaye, ko kuwa wani abokin ka ya turo maka guntun bidiyon barkwanci na minti biyu ta WhatsApp, mai yiwuwa ka ɗauka wannan abu zamani ne ya zo da shi. To, wayar dai sabuwa ce. Amma sana'ar ba da dariya a Kano ta girmi kyamara, ta girmi lantarki, ta ma girmi zuwan Turawa. A wannan watan za mu bi sawun ta tun daga lungunan cikin badala har zuwa tafin hannun ka. Tambayoyi biyu za mu riƙe a kan hanya: wa ke biyan mai ba da dariya, kuma wa ke ba shi izinin faɗar abin da ya ke faɗa? Duk lokacin da amsar waɗannan ta canza, ita ma dariyar sai ta canza kama.

CIKIN BADALA

Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ganuwar Kano, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Garin da ke da fada da babbar kasuwa da malamai da baƙi daga ko'ina, ai dole ya samu masu kwaikwayon su. A fada akwai wawan sarki, wanda ke iya furta maganar da hakimi ba zai iya ba, a yi dariya, amma saƙo ya isa. A kasuwa da wurin biki kuma akwai 'yan kama. Ɗankama zai naɗa rawani, ya gyara murya kamar malami zai yi wa'azi, sai ka ji duk karatun a kan tuwo da fura da nama ya ƙare. Haka zai ɗauki waƙar wani babban makaɗi ya juye ta ta koma ta ciki. Sana'ar ta yi ƙarfin da har wani Bature, C.G.B. Gidley, ya yi nazari a kan ta ya buga a 1967.

Ban da masu sana'a, kowane Bahaushe ya na da nasa lasisin. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe, jika da kaka, ɗan mace da ɗan namiji: duk abokan wasa ne, su gaya wa juna baƙar magana ba mai fushi. Lura da wani abu a nan, domin za mu dawo kan sa: a wasan barkwanci na gargajiya, wanda ka tsokana ya na gaban ka, kuma ya na da damar ramawa.

Babbar makarantar wasan kwaikwayo ta cikin birni kuwa ita ce tashe. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara su kan fito ƙungiya-ƙungiya su na bin gida-gida. Wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rungumo tarkace ya zama Jatau mai magani, wani ya yi shigar Macukule. 'Yan mata su na nasu da ƙwarya, su na kwaikwayon zaman aure da kishi. Kowane wasa gajere ne, 'yan mintoci kaɗan, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi su ƙara gaba. Uwa-uba akwai tashen gwauro na Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano, wanda ke farautar mazan da su ka rabu da matan su su ka ƙi sake aure, a yi masu shiga ta ban dariya, a zagaya gari da su da kiɗa. Ba a tsira don ana da kuɗi. Manufar a fili ta ke: a kunyata mai wasa da aure, amma cikin raha.

Ka ga ashe gajeren wasan barkwanci mai fitowa kashi-kashi, dare bayan dare, da 'yan wasa iri ɗaya da halaye iri ɗaya, mun san shi tun kafin a ƙirƙiro intanet. Sai dai ya na da ƙa'idoji uku. Ya na da lokaci, watau azumi. Ya na da wuri, watau unguwa. Sannan mai kallo shi ke biya hannu da hannu, idan wasan ya wuce gona da iri kuma dattijon gida ya kore ku.

ALLO, MAJIGI DA AKWATIN TALBIJIN

Da ilimin boko ya zo, wasan ya hau takarda. Malam Aminu Kano, haifaffen unguwar Sudawa a 1920, tun ya na ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 ya ke rubuta wasanni, ciki har da 'Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba?' Sunan kaɗai ya ishe ka. Da dariya ya fara sukar algus da zalunci, tun kafin a kafa NEPU a 1950. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, in ji masu iya magana, shi kuwa Malam ya gano har masu mulki ana faɗa wa.

Gidan silima bai taimaki barkwancin gida da komai ba. An buɗe Rex a 1937 a wajen gari. Gobarar silimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutanen birni ƙyamar abin, kuma da aka gina Palace a Jakara, dab da Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai da aka kai ruwa rana da malamai. Abin da ake nunawa ciki kuwa na Amurka ne da Indiya, daga baya na Chana.

Rediyo da talbijin ne su ka ɗauki ɗan wasan Hausa aiki. Daga Kaduna aka samu 'Samanja Mazan Fama' na Usman Baba Pategi, tsohon soja, da Hausar sa ta bariki, da kuma Ƙasimu Yero na 'Karambana'. Daga Jos aka samu Karkuzu. A Kano, gidan talbijin na tarayya ya yi 'Kuliya Manta Sabo', sannan gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa CTV 67 a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV, wadda ta zama matattarar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na birni. A wannan zamanin gwamnati ce mai biya, don haka kusan kowane wasa sai ya ɗauko darasi: tsafta, zuwa asibiti, sa yara makaranta, illar cin hanci. Ana iya zolayar ɗan sanda ko akawu ko mai unguwa, amma ba ka isa ka taɓa mai gidan da ke biyan albashi ba. Duk da haka an yi aiki mai kyau, domin akwai lokacin gwaji, akwai kuma wanda zai ce ma ɗan wasa wannan maganar ba ta dace ba.

ZAMANIN CAMAMA

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da 'Turmin Danya' a kaset, kasuwa ta buɗe. Kafin shekara goma industiri ta rabu gida biyu. Ga 'yan 'sentimental' masu soyayya da rawa da waƙa irin ta 'Sangaya' (1999), ga kuma 'yan camama. Fim ɗin camama ba ya cin kuɗi: kyamara ɗaya, ƙauye ɗaya, 'yan kwanaki kaɗan, sau da yawa ba rubutaccen labari, a gaya wa ɗan wasa abin da ake so ya zuba daga kan sa. 'Yan gayu su na raina su, amma je ka tambayi tsofaffin dillalan Ƙofar Wambai da Bata wane kaset ne ba ya kwantai.

Sarkin wannan fage shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, Ibro, wanda ya bar aikin gandiroba ya rungumi wasa. Idan ka duba salon sa da kyau, ɗankama ne ya samu kyamara. Duk abin da duniya ta ɗauka da girma, shi sai ya jawo shi ƙasa ya sa masa yunwa da tsoro da ƙaryar jarumta. Mawaƙin Kwango Awilo Longomba ya yi tashe, sai ga 'Ibro Awilo'. Amurka ta shiga farautar Usama bin Laden, sai ga 'Ibro Usama' a 2002. Aka shiga yaƙin Iraƙi, sai ga 'Ibro Saddam' a 2003. Talaka na ganin kan sa a jikin Ibro: mutumin da ba shi da ko sisi, amma bakin sa bai mutu ba.

Sai dai camama ta zo da nata ciwon. Kwaikwayon Bagware da Bafulatani da Inyamuri da baƙauye, wanda a tashe wasa ne tsakanin maƙwabta, da ya hau kaset sai ya tafi Legas da Yamai da Kumasi, inda wanda ake kwaikwaya ba shi da bakin ramawa. Ga ihu da duka da zagi, waɗanda su ka zama hanya mafi sauƙi ta cika kaset in dabara ta ƙare.

Izini ma ya koma hannun hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Bayan rikicin da ya girgiza industiri a 2007 aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban ta, aka tsaurara. A 2008 kotun tafi-da-gidan-ka ta ɗaure Ibro wata biyu, a shari'ar da ta shafi fim ɗin 'Ibro Aloko'. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Allah ya yi masa rasuwa ran 10 ga Disamba, 2014, daidai lokacin da kasuwar da ta ɗaukaka shi ita ma ta ke shirin bin sa.

DA KASUWA TA MUTU

Ba sai an ba ka labari ba, ka san abin da ya kashe faifan sidi: masu satar fasaha, masu tura fim a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan, da finafinan Indiya da aka fassara da Hausa. Furodusa ya zuba kuɗin sa, kafin ya sayar da faifai dubu fim ɗin ya zagaye gari a katin waya. Da yawa su ka bar sana'ar.

Mafita ta zo ta hanya biyu. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo 'Daɗin Kowa' a 2015, ta koya wa jama'a jiran fim mako-mako. Sannan ga YouTube, inda kowa ke iya buɗe tashar sa kyauta. An kuma gwada manhajojin kallo na biya, kamar Northflix a 2019 da Kallo.ng a 2021, ita ma Arewa24 ta yi nata. Kullen korona na 2020 ya zaunar da mutane a gida da waya a hannu, 'Izzar So' na Lawan Ahmad ya yi farin jini a YouTube, daga nan kowa ya koma fim mai dogon zango.

'GIDAN BADAMASI' A KAN SIKELI

A cikin wannan yanayi 'Gidan Badamasi' ya fito a 2019, a Arewa24 da kuma intanet. Falalu A. Ɗorayi ne darakta, marubucin kuwa masu karatun littattafai sun san shi tun tuni: Nazir Adam Salih, mai 'Kibiyar Ajali'. Labarin mai sauƙi ne. Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ya fito a matsayin sa, tsohon attajiri ne marowaci a kan keken guragu, wanda ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya barkatai. Ya kira su gida da alƙawarin kuɗi, su kuma kowa ya zo da tasa yunwar: Ɗankwambo (Nura Ɗandolo), Bazuka (Tijjani Asase), Taska (shi Falalu da kan sa), da sauran su maza da mata.

Me ya sa ya karɓu? A ganin mu dalili na farko shi ne alƙalami. An zauna an rubuta shi. Kowane ɗa ya na da halin sa da abin da ya ke nema, saboda haka dariyar daga karon halaye ta ke fitowa, ba sai an sa wa mutum gemun roba ko an faɗa kwata ba. Na biyu, gida ɗaya ne da mutane sanannu, kamar ƙungiyar tashen unguwar ku: kafin Ɗankwambo ya buɗe baki ka san inda zai dosa, kuma jiran hakan ma daɗi ne. Na uku, kuma mafi muhimmanci, abin da ake wa dariya gaskiya ne mai ɗaci. Wane ne a Kano bai san gidan da 'yan uba ba su san juna ba sai ranar rabon gado? Wane ne bai san mai kuɗin da ya iya aure bai iya riƙo ba? Nalako ya kan ɗaure gwauro da igiya ya zagaya gari da shi. Nazir da Falalu sun ɗora mai auri-saki a kan keke sun zagaya duniya da shi. Aikin ɗaya ne. Kuma ka lura, a nan an fi ɗora dariyar a kan mai gida da 'ya'yan sa masu kwaɗayi, mutanen da su ka jawo wa kan su.

Amma ba a rasa nono a ruga. Cutar duk wani fim mai dogon zango ita ce jan zare, shi ma bai tsira ba. Dabarar da ta ba ka dariya a zangon farko, in aka maimaita ta sau biyar sai ta koma hayaniya. Akwai wuraren da kowa ke magana lokaci guda, ihu ya maye gurbin zance, ka ji ƙamshin tsohuwar camama. Labarin da aka gina a kan alƙawari guda kuma, in ya daɗe bai cika ba, mai kallo kan fara jin shi ma ana ja masa rai kamar 'ya'yan Alhaji. Duk da haka, in ana lissafin barkwancin Hausa da aka yi da tunani tun bayan zamanin CTV, dole a sa shi a sahun gaba.

WA KE BIYA YANZU?

A nan ne gizo ke saƙa. Kai mai kallo ka na biya, amma kamfanin waya ka ke biya kuɗin data. Shi ɗan wasa daga talla ya ke samu. A tsarin da YouTube ya kafa a 2018, sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin tallar dogon bidiyo, inda mai tasha ke ɗaukar kashi 55 cikin ɗari. Daga 2020 kuma, bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya cusa wa talla a tsakiya. Sannan farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo ya ke: Bahaushen da ke kallo daga Ingila ko Saudiyya ya fi na Yakasai kawo kuɗi.

Ka auna abin da wannan ke haifarwa. Wasan minti 3 sai a ja shi ya kai 8. Dole a saki sabo kullum, ko da babu sabon tunani. Dole a sa hoto da take mai tayar da hankali don a danna. A TikTok kuwa, inda 'yan daƙiƙoƙi ne a hannun ka, zagi da tsiraici da faɗan ƙarya sun fi kaifin basira saurin yaɗuwa. Akwai yara masu hazaƙa ƙwarai a wannan fage, waɗanda da waya ɗaya su ke yin abin da da sai an yi hayar kyamara. Amma na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna maka ba ta san kunya ba, ba ta san suruki ba, ba ta san watan azumi ba. Lissafin dannawa kawai ta iya.

WA KE BA DA IZINI?

A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, bisa laifin ɓata sunan gwamnan lokacin, Dakta Abdullahi Umar Ganduje. A Mayu 2025 Hukumar Tace Finafinai, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan fim ne, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da 'Labarina' da 'Daɗin Kowa', a kan cewa ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Kowa da yadda ya kalli waɗannan matakai. Masu goyon baya su na cewa in babu dattijon da zai kori yara daga zaure, dole hukuma ta zama dattijon. Masu suka kuma su na tambaya: garin da ya ba wawan sarki dama a gaban Sarki, ya kuma haifi Malam Aminu, yanzu ina mai barkwanci zai tsaya ya faɗa wa mai mulki gaskiya? Duka ɓangarorin su na da abin dubawa. Ɓata suna daban, zolaya daban, kuma aikin alƙali da malami da marubuci ne su raba tsakani, kada a haɗa su a yi masu bulala ɗaya.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne halin da uwar wasan ta shiga. A shekaru da dama na baya-bayan nan, ciki har da 2025, rundunar 'yan sandan Kano ta hana tashe, saboda 'yan daba na fakewa da shi su yi faɗa da ƙwacen waya. Ka ji fa: wayar da ta gaji tashe, ita ce kuma ake ƙwacewa har ta sa aka hana shi. Yaron da bai taɓa manna gemun auduga ya tsaya gaban mutanen unguwa ya ga abin da ke sa su dariya da abin da ke sa su tsaki ba, a ina zai koyi iyaka?

Saboda haka, mai karatu, akwai aiki a gaban kowa. Kai naka shi ne ka kalli fim a tashar masu shi, domin guminsu ya koma masu, kuma kafin ka tura wa wani bidiyo ka tambayi kan ka wa ake wa dariya a ciki: azzalumi da marowaci da mayaudari, ko kuwa gurgu da baƙauye da bazawara? Marubutan mu na littafi su shigo fagen barkwanci, domin 'Gidan Badamasi' ya nuna alƙalami na da kasuwa. Masu unguwanni da hukuma su nemo hanyar tsare tashe maimakon rufe shi, ko da a fili ɗaya ne a kowace unguwa da ido a kai. ARTV da Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano kuma su ceto abin da ya rage na tsofaffin kaset-kaset, tun kafin ƙura da zafi su gama da su. Ƙasimu Yero ya tafi a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Allah ya jiƙan su da Ibro da sauran waɗanda su ka sa mu dariya, ya sa na baya su fi su iyawa. Amin.